Suna na Goma

Bari in fara da faɗin laifina tun kafin wani ya faɗa a madadina: ranar Asabar ɗin nan sau biyu na goge riga ɗaya. Na goge ta da safe na rataye, na sha shayi, na dube ta na ga kamar hannun hagu ya ɓata rai, na sake hura gawayi. Shekarata arba'in da bakwai, furfura ta ci rabin gemu, kuma ba ɗaurin aure za ni ba. Taron iyayen yara ne a lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu.

Tsofaffin masu karatu sun san ni. Sababbi, sannunku da zuwa, ku samu wuri. Sunana Inoussa, tela ne ni a tsohon garin Agadez. Na daɗe a Anou Araren ina ɗinka wa ma'aikata kaya, shi ya sa na yi aure a makare. Matata Mairo ta rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya ji ƙanta. Ta bar mini yarinya ɗaya, tana hannun yayata Biba. Gida ɗaya muke, ɗakina a bakin zaure, nasu a ciki.

Kun ji na ce "yarinya ɗaya". Haka nake cewa shekara takwas ke nan. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata. A gidanmu mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, balle sunan uwarsa, ni kuwa duka biyun suka haɗu a kaina. Babanmu har ya bar duniya bai taɓa cewa "Biba" ba, "waccan" yake cewa, kuma ba wanda ya ce ba ya sonta. Ni ma na gada. Ba na kiranta, ba na dubanta ido da ido. In zan ba ta dabino sai in ajiye a kan tabarma in ce da bango, "A ba yarinyar nan." Mutanen gida suna ce mata Uwani, ni ko Uwanin ba ya fita bakina. Kowace salla ni nake ɗinka mata kaya, amma Yaya ce ke auna ta da igiya, ta kawo mini igiyar da ƙulli-ƙulli: wannan kafaɗa, wannan tsawo. Ana yabona a kan haka. Ana cewa Inoussa akwai kunya, ba irin iyayen zamani ba masu ɗora 'ya'ya a moto suna zaga gari da su. Ni kuma in sunkuyar da kai, ina jin daɗi.

Ni ne sakataren ƙungiyar iyaye a lakwal ɗin. Ba don an ga wata ƙauna a tare da ni ba, rubutuna ne ke karantuwa.

A ƙarshen layin azuzuwa akwai ɗaki ɗaya na siminti da aka ware shekara biyu da suka wuce, don yaran da ba sa ji sosai da waɗanda kansu ke ɗaukar karatu a hankali. A gaban malamar ana cewa "ajin Madam". A bayanta ana cewa "ajin marasa lafiya". Sunanta Madam Souwaiba. Bazawara ce, doguwa, mai tabarau, kullum da lafaya ruwan toka da alli a yatsu. Wannan bayani ba ni na nema ba, a shago aka kawo mini shi, ni dai ban toshe kunne ba.

Wata biyu da suka wuce saƙo ya shigo salulata daga lambar da ban sani ba:

"Salam. Baban Kadidia ne? Souwaiba ce daga lakwal. Ina son ganinka gobe ƙarfe goma."

Yadda ta rubuto na kwafa muku. Kwafa ba kira ba ne.

Sau huɗu na karanta. Mutumin da ya shekara huɗu ba mai turo masa saƙo sai masu tambayar ko an gama rigarsu, ku yi masa uzuri. Na sa turare na tafi.

Na tarar da yaranta tara zaune a zagaye, da ta goma a gefe, ta ba ƙofa baya tana rubutu. Na gane rigar kafin in gane yarinyar. Ni na ɗinka ta.

Madam ba ta ce mini in zauna ba. Ta ɗauki faranti na ƙarfe, ta tsaya a bayan yarinyar, ta sake shi a kan siminti. Ni na zabura har hulata ta karkace. Wani malami ya leƙo daga ajin kusa. Yarinyar ta ci gaba da rubutunta.

"Kira ta," in ji Madam.

Na gyara murya. Na ce, "Ke."

"Ba ta da suna ne?"

"Tana da shi, Madam. 'Yar fari ce."

Ta dube ni ta saman tabarau, irin duban da nake yi wa yadin da aka ce mini na waje ne alhali na san inda aka saƙa shi.

"Malam Inoussa, yarinyar nan baki take karantawa. In ka tsaya gabanta ka dube ta, tana kama rabin maganarka. In ka yi magana kana kallon bango, bangon ne ya ji. Shekara biyu tana zaune a bayan aji mai yara tamanin. Dubi kayenta, littafin da take rubutu a ciki."

Na duba. Rubutu tsaf, ya fi nawa kyau.

"Ko kalma ɗaya ba ta iya karantawa a ciki. Kwafa take yi daga tablo, allon aji, yadda kake kwafar zane a wuyan riga. Na fara ɗauko ta da rana ina koya mata da hannu, amma ba a rubuce take a ajina ba. Sai ubanta ya yarda ya sa hannu."

Na ce zan yi shawara. Ta ce, "Bon." Ta duƙa ta ɗauki farantinta. Turaren nan ko a hancinta.

A gida na samu Yaya tana tsince shinkafa a ƙarƙashin rumfa.

"Yaya, kin san yarinyar nan ba ta ji?"

Ko kai ba ta ɗaga ba. "Ni da nake mata wanka?"

"Tun yaushe?"

"Tun sanƙarau ɗin da ta yi, shekarar da uwarta ta rasu."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"In faɗa wa wa? Kai da in an ambace ta sai ka fara ƙirga azarar ɗaki?"

Na dubi azarar. Goma sha ɗaya ce, na daɗe da sani.

Ta ajiye faifan. "Saurara, auta. Yanzu duk unguwa cewa ake yi Uwani akwai kawaici, ba ta da surutu, ba ta rama zagi. Ka bar ta a haka. Yau ka rubuta ta a ajin kurame, nan da shekara goma mai neman aure ya zo, kakarsa ta ce, af, ba ita ce ta ajin Madam ba? Takarda ba ta mantuwa, mutanen garin nan kuwa sun fi takarda. Karatun me? Ni na yi karatun? Ga ni na aurar da huɗu."

Na tashi na koma shago, don in Yaya tana magana ba a barin wuri. Amma daga ranar ƙafata ta koyi hanyar lakwal. Sai in rufe shago ƙarfe huɗu, in ɗauki kundin ƙungiya a hammata, in je in tsaya kusa da tagar ajin Madam kamar mai duba tsagewar bango. A nan na ga yarinyar tana dariya. Ta haɗa yatsu ta yi wata alama, wani yaro ya mayar mata, duka suka tuntsire. Ban san tana da wushirya ba sai ranar.

Sati biyu bai cika ba magana ta zaga: tela yana neman Madam.

Yaya ta tare ni a zaure. "Ashe shi ya sa ka ƙi Jamila? Mace mai hankali, ubanta da garka a Iférouane, da ka ci albasa kyauta har ka mutu. Ka tsallake ta ka je wajen mai alli, wadda za ta riƙa ba ka maki a kan cin tuwo?"

"Yaya, ba haka ba ne."

"To yaya ne? Me kake yi a lakwal kullum?"

Ku duba lissafin da na yi, ku da kuke da ilimi: a ce dattijo mai furfura yana bin bazawara har wurin aikinta, wannan abin dariya ne na kwana biyu. A ce yana zuwa leƙen 'yarsa ta fari, wannan zubar da girman gida ne. Na zaɓi dariyar. Kuma, tunda na yi alkawarin faɗin gaskiya a shafin nan, zargin bai yi mini ɗaci ba.

Ana haka shugaban lakwal, direkter Mushe Chaibou, ya turo saƙo a gurup ɗin iyaye. An ce masa daga sama, in ajin Madam bai kai yara goma a rubuce ba kafin ƙarshen wata, za a rufe shi, a kai ta wata lakwal, a ba 'yan aji ɗaya ɗakin. Taro ranar Asabar.

Kafin azahar saƙon murya sittin da biyu ya shigo. Wani ya ce proje ne, aikin taimako na masu fararen motoci, ranar da motocin suka tafi shi ma ya tafi, gara a rufe tun yanzu. Wani dattijo ya ce Allah ne ya yi yaran haka, a bar su a gida a yi musu addu'a. Wata ta ce ita dai kada a haɗa su da nata a wurin wasa, ɗanta ya fara magana da hannu a gida kamar mai korar ƙuda. Wani ya turo tallan raguna, ya ba da haƙuri, ya sake turowa.

Saƙon Madam ya zo daban, ni kaɗai:

"Tara gare ni. Ta goma tana gidanka."

Na rubuta "Ina sane", na goge. Na rubuta "Allah ya zaɓa mafi alheri", na goge. Daga ƙarshe na tura mata hoton babban yatsa. Namiji ke nan.

Ranar Juma'a bayan masallaci dabara ta zo mini, kuma na yi murna da ita kamar ni na ƙirƙiro keken ɗinki. Ni ne sakatare, ni nake kwafe lis ɗin sunayen yaran da za a kai wa hukuma. Na zauna na rubuta sunaye tara da manyan baƙaƙe. A ƙasa, kusa da bakin takarda, na ƙara na goma da ƙananan baƙaƙe kamar sawun tururuwa, na sa hannu a gabansa. Direkter zai ƙirga ya ga goma, ya sa a ambulan, aji ya tsira. Ba wanda ya ji, ba wanda ya kira sunan kowa. Yaya ma sai bayan shekara za ta sani.

Shi ya sa na goge riga sau biyu. Mutumin da zai ceci aji a ɓoye ya kamata ya fito tsaf.

An yi taron a babban aji, maza a kan kujerun yara gwiwa na taɓa haɓa, mata a baya a kan tabarmi. Yaya Biba tana cikinsu da lulluɓinta na zuwa biki. Ba taro ya kawo ta ba, ta zo ta ga Madam da idonta. Yara suna tsakar lakwal suna jiran iyayensu.

Mushe Chaibou ya karɓi takardata, ya bi ta da bik ɗinsa na rubutu, ya ce, "Alhamdu lillahi, goma sun cika. Voilà. Magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba."

Bahago ne, mahauci, taubashina. Tun muna yara ba ya ganin na tsaya daidai bai sa mini ƙafa ba. Ya miƙe da ƙyar daga kujerar, ta biyo shi rabin hanya.

"Mushe, tagwayena suna aji ɗaya. Su casa'in da huɗu ne a rumfar zana, a ƙasa suke zaune. Rannan akuya ta ci bangon ajin, malami yana koyarwa tana tauna. Ga ɗakin siminti mai ƙofa da taga an ba yara tara. Ni ba na ƙin yaran nan, Allah ya sani, amma nawa ma 'ya'ya ne."

Aka yi ta "gaskiya ne, gaskiya ne". Ni ma na rubuta, don gaskiyar ce.

Daga baya Zuwaira mai ƙosai ta ɗaga murya ba ta tashi ba. "Bahago, naka in sun dawo gida suna faɗa maka akuya ta ci bango. Nawa Nasser shekara tara in yana kuka sai dai in yi ta juya shi ina neman inda ke ciwo. Watan jiya ya nuna mini da hannu, haƙori ne, na sama, na hagu. Aka cire, ya yi barci. Ka ba ni wani wurin da za a koya masa wannan, ka ɗauki ɗakin har da ƙofar."

Bahago ya sosa ƙeya, amma mahauci ba ya sakin ƙashi da wuri.

"Na ji. To amma ranar Laraba tara ne, yau goma. Wa ya kurumce cikin kwana uku? A karanta sunayen nan da ƙarfi, kowane suna uban ko uwar ta tashi mu gani. In na aro ne mu sani."

"A karanta! A karanta!"

Mushe Chaibou ya ɗaga kafaɗa, ya miƙo mini takardar. "Monsieur le secrétaire."

Wannan ɓangaren ne dabarata ba ta hango ba. Mai rubutawa shi ne mai karantawa.

Na miƙe. Na karanta na farko, wata mata ta tashi. Na biyu, wani mai gyaran moto. Na bi su a hankali, ina ba kowane suna haƙƙinsa har da na kakanni, ko Allah zai kawo wani dalili a watse. Ba abin da ya zo. Nasser, Zuwaira ta tashi. Na tara, wani tsoho ya ɗaga sanda.

Na tsaya.

"Na goma fa, tela?" in ji Bahago. "Ko zare ya ƙare?"

Aka yi dariya. Na dubi takardar. Da bik a hannuna, kuma layi ɗaya ya isa: in ce kuskure ne, in soke. Ba wanda zai yi mamaki, an san teloli da kuskuren awo. Aji ya rufe, yarinya ta koma bayan yara tamanin ta ci gaba da zana baƙaƙe masu kyau, ta girma a ce akwai kawaici. Ni kuma in ci gaba da zama mai kunya.

Madam tana tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannu. Ba ta dube ni ba. Farce take dubawa.

Zan so in ce muku wani babban tunani ne ya zo mini. Wushiryar nan ce kawai.

Na ce, "Kadidia Inoussa."

Na yi niyyar ya fito a hankali. Amma bakin da bai saba da abu ba bai san awonsa ba. Ya fito kamar mai kiran salla. Sunan uwata, sunan 'yata, a gaban mutum ɗari da wani abu, har da masu sayen riga a wurina.

Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu." Na ji ƙarar awarwaron Yaya lokacin da ta ja lulluɓi ta rufe fuska.

Mushe Chaibou, mutumin tsari, ya ce, "Uban ya tashi."

Na ce, "Ai a tsaye nake, Mushe."

Bahago ya daɗe yana kallona baki buɗe. Sannan ya ce, "Uwani? Uwanin gidanku? Ita da nake cewa ta raina ni, ina gaishe ta ba ta amsawa?" Ya juya ga jama'a. "Ku ji shashasha. 'Yarmu ce ashe, ya tsaya yana rubuta ta kamar kwarkwata a gindin takarda." Ya koma ya zauna, kujera ta yi ƙara. "Goma ne. A bar musu ɗakin. Amma sakatare, rubuta cewa tagwayena har yanzu a ƙasa suke."

Na rubuta. Har yau a ƙasan suke, an dai sa ranar gyaran zana.

Yaya ba ta yi mini magana ba sai da muka shiga zaure. Ta ce, "Baba yana kabari ka kira sunan Inna a gaban mahauta." Na ce a yi haƙuri. Ta ce, "Ranar da aka zo neman aurenta aka fasa, kai za ka yi bayani." Na ce to. Ta yi taku uku ta juyo. "Madam ɗin ba laifi. Ta dai cika tsawo."

Da la'asar salula ta yi ƙara. Madam.

"Na gode ƙwarai. Laraba ƙarfe huɗu ina jiranka a aji. Za mu fara da yadda ake faɗin suna da hannu. Sharaɗi ɗaya: dole a dubi fuska."

Na karanta sau huɗu, kamar yadda na saba. Na tashi na duba ko akwai sauran gawayin guga. A karatu na biyar ne na lura da saman saƙon: sabon gurup ne, mu goma, har da tsoho mai sanda. Shi ya riga ni amsawa ma.

To, haka aka yi. Tun ranar masu zuwa shago kashi biyu ne, masu cewa na yi jarumta da masu cewa zamani ya cinye ni, kuma duka ina karɓar ɗinkinsu. Har na fara jin kaina kamar wani abu, ina ba da labarin ina ƙara wa shirun da na yi tsawo.

Abu ɗaya ne ban cika faɗa ba. Lokacin da na kira sunan, idona ya sauka a taga. Tana nan a waje, taku uku daga inda nake tsaye, cikin rigar da na ɗinka da awon igiya, ta ba ni baya tana kallon 'yan mata suna gala-gala. An ce har mai shagon tsallaken hanya ya ji ni.

Ita ba ta ji ba.